Hoto ɗaya, guda 27: Me ke sa mutum ya yi ta sayen katin ɗan wasa iri ɗaya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta ba su damar sauraro ba.

 Yau ni kaɗai ne, babu baƙo, kuma batun da na zo da shi na san wasu za su ce wasan yara ne. Ku dai ba ni minti ashirin. In mun gama kuka ga har yanzu wasan yaran ne, na yarda.

Satin da ya wuce za a yi fenti a gidanmu, sai Ummana ta sa ƙannena suka fito da kayan ɗakina. Ina dawowa na tarar da ita zaune a tsakar gida, da wani kwalin takalmi a gefenta, ta baje abin da ke ciki a kan tabarma. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kai, wai bashi kake bin yaron nan?"

Na ce, "Wane yaro, Umma?"

Ta ce, "Wannan mai koriyar rigar. Na ƙirga hotonsa ashirin da bakwai. Goma sha tara kuma duk abu ɗaya ne, ko tsayuwar bai sake ba."

Ahmed Musa take nufi. Na buɗe baki zan yi bayani, wallahi sai na ji ba ni da amsar da za ta shiga kunnen mai hankali. Mutum da digirinsa, yana yawo yana yi wa matasa maganar tattalin kuɗi, ga shi an kama shi da hoto ɗaya sau goma sha tara. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da amsar a nan, a gabanku, har da ɓangaren da ban gaya wa Umma ba.

Ga wanda bai san abin ba tukuna: katin 'yan wasa wani ɗan kwali ne da bai kai tafin hannu ba, gaba hoton ɗan wasa, baya sunansa da ƙungiyarsa da ɗan lissafin abin da ya yi a fili. Asalin harkar ta Amurka ce, kuma a cikin fakitin taba ta faro. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin sigari suke saka ɗan kwali a fakiti don kada karan taba ya karye, sai suka fara buga hotunan 'yan wasan besbol a jikinsa, wasan nan nasu na dukan ƙwallo da sanda. Daga baya masu cingam suka karɓe. Kamfanin Topps ya yi suna wajen haɗa kati da cingam a ƙunshi ɗaya tun farkon shekarun 1950. In ka taɓa sayen cingam kana yaro saboda hoton da ke naɗe a ciki, ka tauna sau biyu ka tofar, to ka san ɗanɗanon abin ko ba ka san sunansa ba.

A Turai kuwa sitika ce ta ci kasuwa. Wasu 'yan uwa 'yan gidan Panini suka kafa kamfani a birnin Modena na Italiya a 1961, suna sayar da hotunan 'yan ƙwallon ƙasarsu a rufaffen ƙunshi, tare da wani littafi mai gurabe, kowane hoto da lambarsa da inda za a liƙa shi. A 1970, lokacin gasar cin kofin duniya ta Meksiko, suka fitar da littafinsu na farko na gasar, kuma tun daga nan duk bayan shekara huɗu yara da manya sai sun sake shiga wannan hidima.

Ni a 2018 na faɗa ciki. Kun tuna ranar 22 ga Yuni, Najeriya da Iceland a Volgograd ta Rasha? Ina gidan kallo, an cika maƙil, janareta na ta ihu a waje. Musa ya tare ƙwallon nan da Victor Moses ya aiko, ya sauke ta, ya ɗaɗa ta a raga. Can kuma ya sake kwasa da gudu, ya yanke mai tsaron gida, ya ƙara ta biyu. Benci ya karye a ƙarƙashinmu ba wanda ya kula. Yaron da aka haifa a Jos, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana Kano Pillars, wanda ya zura wa Ajantina biyu a 2014 Messi na kallo. Bayan wata biyu wani abokina da ke karatu a Ingila ya zo hutu, ya zo da littafin Panini na gasar da wani ɗaurin sitika da ya ce rarar da ta yi masa yawa ce. Ina bincikawa na ci karo da Musa har guda uku. Na ce, "Mutumina, waɗannan fa?" Ya ce, "Kwashe, ai sun dame ni, duk ƙunshin da na buɗe sai ya fito."

Ku riƙe wannan kalmar tasa, "sun dame ni", domin daga nan maganar maimai take farawa.

Wanda ke cika littafi, maimai abokin gabarsa ne. Kuma ba rashin sa'a ce ke kawo shi ba, lissafi ne. Ɗauki ɗan ludo, fuska shida gare shi. Ka ce za ka yi ta jefawa har kowace fuska ta fito aƙalla sau ɗaya. Jefawar farko dole sabuwa ce. Ta biyu ma da wuya ta maimaita. Amma in ya rage maka fuska ɗaya tak, a matsakaici sai ka jefa sau shida kafin ta zo. In ka tara duka, kusan jefawa 15 kake buƙata don ganin fuska shida kacal. To yanzu mayar da fuska shida ta zama 682, yawan sitikar littafin 2018 ke nan.

Wani farfesan lissafi a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, Paul Harper, ya zauna ya buga wannan lissafin a shekarar. A 2018 ƙunshi ɗaya mai sitika biyar ana sayar da shi fam 0.80. Da a ce ba za ka taɓa samun maimai ba, ƙunshi 137 ya ishe ka, fam 109.60. Amma a zahiri, in kai kaɗai kake saye ba ka musaya da kowa, ya gano a matsakaici sai ka buɗe ƙunshi 967, wato fam 773.60. Sitika 4,832 don cike gurbi 682. Ka cire ka gani: sama da 4,000 duk maimai ne. Abin da ya fi ba ni mamaki a lissafinsa, ranar da ya rage maka sitika 19 kacal, kana murna ka kusa gamawa, to a wajen kashe kuɗi rabin hanya kake. Tab.

Sai dai shi farfesan ya ƙara da cewa in mutum goma suka haɗu suna musaya, kuɗin kowa yana saukowa zuwa wajen fam 247. A nan ne maimai yake tashi daga shara ya zama kuɗi. Ba ni gishiri in ba ka manda. Rarar da ta dame ka ita ce wani yake nema ido rufe. A ƙasashen da abin ya yi ƙarfi, irin su Brazil da Ajantina, lokacin gasar mutane har dandali suke cikawa da ɗaurin sitika a hannu, yaro ɗan shekara takwas yana ciniki da dattijo mai furfura, kowa da takardar lambobin da suka rage masa.

To wannan duk maimai ne na dole, wanda ya zo maka ba ka gayyace shi ba. Nawa daban ne. Ni da ƙafata nake zuwa in nemo shi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a duniyar masu tara kati akwai jama'a guda da ba ruwansu da cika littafi, ɗan wasa ɗaya suka zaɓa, duk inda suka ga katinsa sai sun ɗauka, ko suna da irinsa hamsin a gida.

Bari in faɗi yadda abin yake kama mutum, don ba rana ɗaya ake wayar gari da guda 27 ba. Na farko ka liƙa shi a littafi. Da ka liƙa, shi ke nan, ya mutu a wurin, ba ya ɓantaruwa. Sai ka ce ina son wanda ba a ɓare bayansa ba, in ajiye. Na biyu ke nan. Sai ka so wanda za ka saka a bayan waya ko cikin walat. Na uku. Sai ka ce to in wani ya roƙa fa? Na huɗu. Har nan kana da hujja. Daga na biyar hujja take ƙarewa, wani abu daban ya karɓi tuƙi.

Ni dai abin da na gano a kaina shi ne wani irin kishi. Abokin nan nawa yakan turo min hoton tallan da ya gani a intanet, wani a can ya zuba rararsa yana sayarwa a kan 'yan sulalla, ga Musa a tsakiyar tarin kamar ba kowa ba. A wajen mai tallan, lamba ce kawai da ta fito masa sau da yawa. A wajena kuwa ranar nan ce ta gidan kallo da karyayyen benci. Sai in ji kamar an bar ɗan unguwarmu a tasha ba kuɗin mota. In ce, "Saya min." Na san ba shi da ma'ana. So hana ganin laifi. Amma ku gaya min, wanda yake sauraron waƙa ɗaya sau ɗari, ko mai rigar ƙungiya ɗaya kala biyar, da me ya fi ni? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma abin da Umma ba ta gani ba, kuma ban ga laifinta ba: goma sha taran nan ba iri ɗaya ba ne. In ka jera su a ƙarƙashin fitila za ka ga wani hotonsa ya ɗan karkata hagu, farin gefen dama ya fi faɗi. Wani kusurwarsa ta ɗan daku. Wani akwai siririn layi da injin bugawa ya bari. A cikin goma sha tara, guda biyu ne kawai zan iya cewa ba su da aibi. Wannan ƙaramin bambancin, a Amurka an gina masana'anta guda a kansa. Akwai kamfanonin tantance kati, mafi shahara shi ne PSA da aka kafa a 1991. Ka aika musu katinka, ka biya, su duba abu huɗu: daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri da lambarsa. Kati ɗaya, hoto ɗaya, shekara ɗaya, amma mai maki 10 yana iya ninka mai maki 8 sau goma ko fiye a kasuwa. Saboda haka wasu masu tara maimai farauta suke yi: su sayi ashirin don su tsamo ɗaya da zai ci 10.

Inda kuɗi ya shiga kuwa, ha'inci yana biye. Katin farko da PSA ta taɓa ba wa maki wani shahararren katin besbol ne na Honus Wagner, kuma a 2013 wani babban dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin don ya fito tsaf. Katin da aka yi ta cinikinsa a kan miliyoyin daloli ke nan fa.

Su ma kamfanonin buga katin sun gane akwai irinmu, sai suka ɗana mana tarko mai kyau. Su ɗauki hoto ɗaya su buga shi kala-kala. Ga na gama-gari, ga mai ƙyallin azurfa, ga shuɗi, ga ja, ga kore. Wasu a buga musu lamba a jiki, misali 37/99, ma'ana guda 99 ne a duniya kuma naka ne na 37. A jerin Prizm na Panini, mai ruwan zinare guda 10 ake yi, baƙi kuma guda ɗaya tak. Sai masoyin ɗan wasa ya ɗaura niyyar haɗa dukkan launukan, su suna kiran abin bakan gizo. Ka duba dabarar: a kan hoto ɗaya an sayar maka sau goma sha, kuma na ƙarshen, baƙin nan, in wani a Japan ya riga ka, to har abada jerinka ba zai cika ba sai ya ga dama.

Yanzu mu zo inda nake so kowa ya buɗe kunne, maganar daraja. Domin na san tun da na ambaci miliyoyin daloli wasu sun gyara zama.

Gaskiya ne ana sayar da kati da kuɗin da hankali ba ya ɗauka. A watan Agustan 2022 an sayar da wani katin Honus Wagner a kan dala miliyan 7.25. A wannan watan dai aka yi gwanjon katin Mickey Mantle na Topps na 1952 a kan dala miliyan 12.6, kuma wanda ya sayar a 1991 ya saye shi dala 50,000. A ƙwallon ƙafa, wani katin Pele da aka buga a Suwidin a 1958 ya kai dala miliyan 1.33 a 2022. Irin labaran da ke yawo ke nan, su ne kuma suke sa matashi ya ga kamar ya gano wata hanya da sauran mutane ba su sani ba.

Amma tambayi dalilin tsadarsu. Katin Wagner an buga shi ne tsakanin 1909 da 1911 a fakitin taba, shi kuma ya hana a ci gaba da amfani da hotonsa, aka dakatar. Waɗanda suka rage a duniya yau ba su kai ɗari ba. Na Mantle kuwa yana cikin rukunin ƙarshe na katunan 1952, wanda ya fito a makare bai samu kasuwa ba. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara katunan, da bakinsa ya ba da labarin cewa bayan shekaru suna jibge a sito, sai aka loda su a jirgin ruwa aka zubar a teku. Waɗanda suka isa hannun yara kuma, yara suka yi abin da yara ke yi: a maƙala a sifokin keke don ya riƙa ƙara kamar babur, a yi wasa da su a ƙasa, uwa ta share ɗaki ta zuba a bola. Ba wanda ya ɗauke su dukiya. Shi ya sa wanda ya tsira lafiya ya zama abin nema.

Sai labarin ya juya. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Amurkawa suka farga cewa tsofaffin katuna sun yi kuɗi. Kowa ya ce ba za a sake yi da shi ba. Iyaye suka riƙa sayen kwali-kwali suna ajiyewa ba a buɗe ba, wai kuɗin jami'ar yara. Kamfanoni suka ga ana so, suka sakar wa injin mara, daga wajen 1987 zuwa 1994 aka buga katuna ba adadi. Kowa ya ajiye, kowa ya adana a leda, ba wanda ya saka a keke. Yau mafi yawan katunan wancan zamanin ko kuɗin aika su ba su kai ba. Ko katin da ya fi kowanne farin jini a lokacin, na Ken Griffey Jr. wanda Upper Deck ta buga a 1989, an buga shi da yawan da PSA kaɗai ta tantance dubun-dubatarsa. Ɗan wasan ya yi fice iyakar fice, amma katinsa na gama-gari ba shi da tsada sosai, sai dai mai maki 10.

Kun ga inda na dosa? Ranar da na iya tara Musa goma sha tara ba tare da na sha wahala ba, ranar kwalin takalmin da kansa yake gaya min abin ba shi da tsada, kuma ba zai yi ba. Da yana da wuyar samu, da ban samu na biyu ba. Duk wanda ya ce maka "sayi goma ka ajiye, zai tashi", tambaye shi: in ni na samu goma a yau cikin sauƙi, mutum nawa ne su ma suka samu goma?

Na so a ce wani ya yi min wannan tambayar a 2021. Ga ɓangaren da Umma ba ta sani ba, in kuma wani ya kai mata, Allah ya isa ban ce ba, amma na gane muryarku.

Lokacin kullen korona kasuwar kati ta haukace a Amurka. Mutane na zaune a gida, ga kuɗin tallafi, ga intanet. A farkon 2021 aka sayar da katin Michael Jordan na ƙwallon kwando, na Fleer na 1986 mai maki 10, a kan dala 738,000. Ina bautar ƙasa a lokacin, alawus naira 33,000 a wata. Ina ta kallon bidiyon wasu samari suna cewa ka nemi matashin ɗan ƙwallo tun bai fashe ba, ka sayi katinsa na shekarar farko da yawa, ka jira. Na zaɓi wani yaro da ake ta zuzutawa a Turai, ba zan faɗi sunansa ba don ba shi ya aike ni ba. Ko son wasansa ba na yi sosai. Na haɗa alawus na wata biyu cur, na tura wa abokina, ya saya min katinsa guda takwas, iri ɗaya. Wata biyun nan garin kwaki ya san ni na san shi.

Kafin katunan su iso hannuna an yi wata huɗu, sai da aka samu mai zuwa gida. Biyu sun zo a lanƙwashe, don wanda ya sayar a ambulan kawai ya zuba su. Kafin shekara ta zagayo yaron ya ji rauni, aka daina maganarsa, kasuwar gaba ɗaya kuma ta fara sauka. Shi kansa katin Jordan ɗin nan, cikin shekara biyu farashinsa ya faɗo ƙasa da rabi, balle na wani yaro. Na ce to bari in sayar in tsira da ko rabi ne. A nan na gane abin da ban lissafa ba tun farko. A unguwarmu wa zai saya? Masu saye suna can ƙetare. Kafin in aika kati ɗaya, kuɗin aikawa ya fi kuɗin katin. In ce a tantance shi, sai na biya da dala, ya je Amurka ya dawo, kuma ba tabbas zai ci maki mai kyau. Su waɗancan samarin na bidiyo suna zaune ne a inda shagon kati yake bayan layinsu, gidan waya kuma yake kai saƙo cikin kwana biyu. Ni na kwafi lissafinsu ban kwafi garinsu ba.

Guda takwas ɗin suna nan a ƙasan kwalin, na juya fuskarsu ƙasa. Umma ba ta ƙirga da su ba. Abin da na lura da shi, duka Musa 27 ɗin nan in ka haɗa kuɗinsu ba su kai rabin abin da na kashe a kan takwas ɗin ba, kuma ban taɓa buɗe kwalin na kalli Musa na ji haushi ba. Waɗancan kuwa ko taɓa su ba na son yi.

Wani abu kuma da nake so ƙannenmu su yi hattara da shi, don na ga ya fara shigo mana ta TikTok da YouTube: wani zai zauna kai tsaye a bidiyo da rufaffen kwalin katuna, mutane su biya kuɗi kowa a ba shi ƙungiya, sai ya buɗe. Duk katin da ya fito na ƙungiyarka naka ne, in ba abin da ya fito, kuɗinka ya tafi. Ana ihu, ana kiɗa, ana nuna wanda ya dace, ba a nuna sauran ashirin ɗin. Ka biya sananne don ka karɓi abin da ba ka sani ba. Mu da muka ga abin da shagunan caca na ƙwallo suka yi wa abokanmu, ba sai an fassara mana wannan ba. Ko rufaffen ƙunshi na yau da kullum ma ɗan uwan wannan ne, lissafin farfesan nan ya riga ya nuna. In ɗan wasa ɗaya kake so, sayi katinsa kai tsaye, ka ga hotonsa gaba da baya, ka san farashinsa. Kusan kullum ya fi araha.

Wanda kuma yake da 'yan katunansa yana son su daɗe, ƙasarmu ba ta raga wa takarda. Kar ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana cin gefe, in zafi ya yi kuma ta narke a jiki. Kowanne a saka shi a 'yar ledarsa. Kar a bar su inda rana ke bugawa, launin yana koɗewa. Da damina a ɗaga kwalin daga ƙasa saboda danshi da gara, da hunturu a rufe saboda ƙura. Na rasa guda biyu a daminar 2020, sun manne da juna, da na raba su fuskar ɗaya ta bi bayan ɗaya. Da yanzu 29 Umma za ta ƙirga.

Af, na ce 27 ko? Yanzu 26 ne. A ranar nan da aka baje su a tabarma, ɗan yayata, ɗan aji uku a firamare, ya tsuguna yana ta kallo. Can ya ce, "Kawu, ka ba ni ɗaya mana, ai suna da yawa." Wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya min a wuya. Na fara laluben wanda ya fi karkacewa in ba shi. Umma tana kallona ba ta ce komai ba, kun san irin kallon. Na mayar, na ɗauko ɗaya daga cikin biyun nan marasa aibi na miƙa masa.

Ko minti biyar ba a yi ba ya ɓare bayan, ya liƙa a murfin littafin lissafinsa, a karkace, har da kumfar iska a tsakiya. Jiya mamansa take gaya min wai ya hana kowa taɓa littafin, kuma ya ce a tambaye ni ko ina da na Osimhen.

Ba ni da shi. In akwai mai rara a cikinku, ina da Musa goma sha takwas, a zo a yi magana.